Shirin REP na TalentCorp: Rangwamen Haraji da Ake Zawarcin Ƙwararrun Malesiya da Shi

Gwamnatin Malesiya tana da wani shiri da ake kira REP (Returning Expert Programme, wato shirin dawo da ƙwararru), wanda aikinsa shi ne zawarcin 'yan ƙasar da suka tafi da iliminsu waje su dawo gida. An fara shi a 2001 ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, sannan aka damƙa shi ga kamfanin gwamnati mai suna TalentCorp da aka kafa a watan Janairun 2011, zamanin Firayim Minista Najib Razak. Shiri ne mai tsari, sharuɗɗansa a rubuce suke, kuma wanda ya cancanta yakan sami abin da aka yi masa alkawari. Sai dai amfaninsa ya tsaya ga wasu tsirarun mutane, kuma bai taɓa ko gefen abin da ya kori mafi yawan waɗanda ake nema ba.

Abin da ke cikin kunshin guda huɗu ne. Babbansu harajin albashi na kashi 15 cikin 100 tsawon shekara biyar a jere, maimakon harajin da ke hawa-hawa har ya kai kashi 30. Sai yafe kuɗin kwastan a kan kayan gida da mutum ya taho da su, jigila ɗaya tak. Sai rangwamen haraji har zuwa ringit 100,000 a kan mota ɗaya da aka haɗa a cikin ƙasar. Na ƙarshe shi ne hanzarta takardar zama na dindindin ga mata ko miji da 'ya'yan da ba 'yan ƙasa ba. Kasafin kuɗin 2024 ya tsawaita karɓar takardun neman shiga har 31 ga Disamban 2027.

Sharuɗɗan shiga ne ke kayar da mutane tun kafin a je ko'ina. Dole mai nema ya kasance ɗan Malesiya har yanzu, yana zaune a waje kuma yana aiki a can aƙalla shekara uku ba yankewa, bai karɓi albashi daga Malesiya ba cikin wata 36 kafin ranar da ya nema, kuma babu bashin karatu ko yarjejeniyar yi wa gwamnati aiki a wuyansa. Ana cike takardun ta intanet, a haɗa da fasfo, shaidar karatu, shaidar albashi da wasiƙar wurin aiki. Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne mutum ya tattaro iyalinsa ya sauka Kuala Lumpur, ya kama aiki, sannan abokin aiki ya ba shi labarin shirin. A lokacin an riga an rufe masa ƙofa, domin daga waje ake nema, kuma albashin wata ɗaya da ya karɓa ya karya sharaɗin wata 36. Wanda aka amince masa yana da shekara biyu ya dawo. Da ya dawo sai ya karɓi takardar da ke tabbatar da ranar dawowarsa, wadda ake kira SATK, ita ce yake kai wa hukumar haraji ta LHDN da kwastan da kuma ofishin albashi na wurin aikinsa don a gyara abin da ake cire masa duk wata. Ana ba shi zaɓi ya fara ƙirga shekara biyar ɗin daga shekarar da ya dawo ko ta gaba da ita. Wanda ya sauka a watan Oktoba ya zaɓi shekarar da ake ciki ya ƙona shekara guda a kan albashin wata uku, ga kuma batun kwana 182 da doka ke dubawa kafin ta ɗauki mutum mazaunin ƙasa wajen haraji. Rangwamen kuma albashi kaɗai ya shafa. Ribar kasuwanci da kuɗin haya suna nan a kan tsohon lissafi, don haka wanda ya dawo da niyyar buɗe asibitinsa ko shagonsa sai ya tsara yadda zai riƙa biyan kansa albashi daga kamfani mai rajista.

Yanzu a ɗauki alƙalami a yi lissafin kashi 15 ɗin, domin a nan ne talla take rabuwa da gaskiya. Bisa jadawalin da aka fara aiki da shi a 2023, wanda kuɗin da za a cire wa haraji ya kai ringit 100,000 a shekara yana biyan ringit 9,400. Daga nan zuwa 400,000 ana cire kashi 25, zuwa 600,000 kashi 26, zuwa miliyan 2 kashi 28. Idan aka buga, sai kuɗin mutum ya haura ringit 156,000 a shekara kafin kashi 15 ya fara yi masa rana. Ƙasa da haka asara ce, shi ya sa aka bar shi a matsayin zaɓi. Mai ringit 240,000 zai biya 36,000 maimakon 44,400, ya tsira da 8,400. Mai 300,000 ya tsira da 14,400. Mai 600,000 ya tsira da 46,400 a shekara, wato ringit 232,000 cikin shekara biyar. Ke nan babban manajan banki ko injiniyan man fetur a Petronas ne zai ji daɗinsa sosai. Malamin jami'a, mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje, ko likitan da ke son komawa asibitin gwamnati, abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba.

Ga wanda ke tahowa daga Birtaniya, inda ake cire kashi 40 da zarar albashi ya wuce fam 50,270, kashi 15 abin so ne. Amma mafi yawan 'yan Malesiya na waje ba a Birtaniya suke ba. A 2023 ministan ƙwadago na lokacin, V. Sivakumar, ya ce cikin 'yan ƙasar miliyan 1.86 da ke waje, miliyan 1.13 suna Singafo. A Singafo kuwa, mai dalar ƙasar 120,000 a shekara harajinsa 7,950 ne, bai kai kashi 7 ba. Mai 160,000 yana biyan 13,950, bai kai kashi 9 ba. To mutumin da ke biyan kashi 7 aka ce ya dawo a yi masa alfarma ya biya kashi 15, a kan albashin da ya ragu, da kuɗin da ya fi rauni. Har zuwa 1973 kuɗin ƙasashen biyu ɗaya da ɗaya ake canza su. Yau dalar Singafo ɗaya ta haura ringit uku. Waɗanda ke kwana a Johor Bahru ta Malesiya su tsallaka gada zuwa Woodlands ta Singafo da asuba, su ma sharaɗin zama a waje bai yi daidai da su ba, alhali mutum fiye da 300,000 ke ratsa wannan iyaka kullum.

Batun mota ya fi kyau a takarda. Harajin mota a Malesiya yana da nauyi, yakan kai kashi 60 zuwa 105, saboda kare kamfanonin motoci na cikin gida, Proton da Perodua. Amma kafin mutum ya cinye rangwamen 100,000 sai ya sayi mota mai tsada irin Mercedes ko BMW da aka haɗa a gida. Mai sayen ƙaramar Perodua ɗan abin da zai samu kaɗan ne. A farkon shirin motoci biyu ake yafewa, aka yi ta rage shi har ya zo haka.

Masu binciken Bankin Duniya sun auna shirin da bayanan TalentCorp ɗin kansa, suka wallafa sakamakon a 2015 da 2016. Ga wanda ya riga ya sami tayin aiki a Malesiya kafin ya nema, amincewar REP tana ƙara yiwuwar dawowarsa da kashi 40. Ga wanda ba shi da tayin aiki, ba a ga wani tasiri ba. Wannan sakamakon shi ne ya fi kowane bayani faɗin haƙiƙanin shirin: yana taimaka wa wanda ƙafarsa ɗaya ta riga ta shigo gida ya yanke shawara, ba ya juyo da wanda ya ba da baya. Waɗanda suka dawo ta wannan hanya cikin fiye da shekara goma dubbai ne kaɗan, a gaban mutum kusan miliyan biyu.

Su wane ne suka tafi? Rahoton Bankin Duniya na Afrilun 2011 ya ƙiyasta 'yan Malesiya na waje sun kai miliyan ɗaya a 2010, kusan kashi ɗaya cikin uku masu ilimi mai zurfi, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda ke Singafo 'yan asalin Sin ne. Da aka tambayi wasu daga cikinsu dalili, kashi 66 suka ambaci ci gaban aiki, kashi 60 rashin adalci a zamantakewa, kashi 54 albashi. REP ya ɗauki na uku ya yi masa ɗan magani, ya bar na biyu yadda yake. An bar jaki ana dukan taiki.

Tushen abin yana cikin tsarin mulki. Sashe na 153 ya ba Malayawa da 'yan asalin Sabah da Sarawak, waɗanda ake haɗawa a kira Bumiputera, matsayi na musamman a aikin gwamnati, tallafin karatu, lasisin kasuwanci da gurbin jami'a. Bayan rikicin ƙabilanci na 13 ga Mayun 1969 a Kuala Lumpur, wanda gwamnati ta ce ya ci rai 196, gwamnatin Tun Abdul Razak ta fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971, da burin Bumiputera su mallaki kashi 30 na hannayen jarin kamfanoni zuwa 1990. Ba a fito da shi don wasa ba: a 1970 abin da ke hannunsu kashi 2.4 ne, kusan rabin gidajen yankin Malaya suna cikin talauci, mafi yawansu manoman shinkafa da masunta Malayawa. Tsarin ya fitar da likitoci da injiniyoyi daga ƙauyukan Kelantan da Kedah, wannan ba abin musu ba ne. Amma 1990 ta zo ta wuce, aka sauya masa suna, aka ci gaba. Har yau akwai rangwamen sayen gida ga Bumiputera ko da attajiri ne, akwai asusun jari na ASB da su kaɗai ke shiga, kuma kusan tara cikin goma na ma'aikatan gwamnati daga cikinsu suke, alhali ƙidayar 2020 ta nuna su kashi 69.4 ne na 'yan ƙasa, 'yan asalin Sin 23.2, 'yan asalin Indiya 6.7.

Inda abin ya fi ciwo shi ne ƙofar jami'a, kuma a nan ne duk magidancin da ke tunanin dawowa yake tsayawa. A ɗauki yara biyu da suka gama sakandare a gari ɗaya da sakamako iri ɗaya a jarrabawar SPM. Hanya biyu ce babba zuwa jami'ar gwamnati. Ɗaya kwalejin share fage ta shekara guda, wadda kashi 90 na gurabenta na Bumiputera ne, kashi 10 na sauran. Ɗayar jarrabawar STPM, ta wata 18, wadda kowa a ƙasar ya san ta fi wuya. A ƙarshe sai a jera makin hanyoyin biyu kamar abu ɗaya ne, a raba guraben likitanci da haɗa magunguna da lauya. An soke rabon ƙabila a hukumance wajen shiga jami'a tun 2002, amma wannan ƙofa biyu ta ci gaba da yin aikinsa. Shi ya sa kusan kowace shekara jaridu ke ɗauke da labarin yaron da ya cinye maki duka aka hana shi abin da ya nema. A 2019 an ƙara guraben kwalejin daga 25,000 zuwa 40,000, aka bar rabon 90 da 10. A 2024 Firayim Minista Anwar Ibrahim ya ce duk wanda ya ci A goma a SPM zai sami gurbi ko wace ƙabila ce, mataki ne mai kyau amma na 'yan ƙalilan. Jami'ar UiTM, wadda ta fi kowace yawan ɗalibai, ba ta ɗaukar ɗan ƙasa in ba Bumiputera ba. Makarantun Sinawa masu zaman kansu, kimanin 60, suna da jarrabawarsu ta UEC tun 1975, wadda jami'o'in Singafo da Taiwan suka daɗe suna karɓa, gwamnatin tarayyar Malesiya kuwa ta yi shekaru gommai tana ƙin ta.

Singafo ba ta tsaya kallo ba. Tana da tallafin karatu na ASEAN da ke ɗaukar yara tun daga sakandare, tana kuma rage wa baƙi kuɗin jami'a bisa sharaɗin su yi aiki shekara uku a kamfanin da ke da rajista a can. Shekara ukun nan su ne lokacin da mutum ke yin aure, ya sami takardar zama, ya fara biyan kuɗin gida. Malesiya ta saki yaro yana da shekara 18, ta zo nemansa yana da 40. Pua Khein-Seng, ɗan garin Sekinchan a Malesiya, Taiwan ya tafi karatu ya kafa kamfanin fasaha na Phison a can. Hock Tan na kamfanin fasaha na Broadcom haifaffen Penang ne, Lip-Bu Tan da ya karɓi shugabancin Intel a 2025 haifaffen Muar ne, duka a Malesiya. Kamfanin kiran tasi ta waya na Grab ma a Kuala Lumpur aka kafa shi a 2012 da sunan MyTeksi, bayan shekara biyu hedikwatarsa ta koma Singafo.

Magidancin da ya dawo ta REP, in ba ya son 'ya'yansa su bi layin da ya guje wa, sai ya kai su makarantar ƙasa da ƙasa mai zaman kanta. Tun 2012 aka cire iyakar yawan 'yan ƙasa da waɗannan makarantu za su ɗauka, don haka gurbi ba matsala ba ne, kuɗi ne matsala. Manyansu a Kuala Lumpur sukan haura ringit 100,000 a shekara a azuzuwan sama. Mai albashin 300,000 da ya tsira da 14,400 daga haraji, kuɗin zango ɗaya na yaro ɗaya zai iya lashe su. Kuma rangwamen shekara biyar ne, karatun yaro kuwa ya fi shekara goma.

Sai fasfo. Malesiya ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba. Wanda ya karɓi fasfon Ostareliya ko Singafo, ko dai ya cike takardar ajiye ɗan ƙasancinsa ko gwamnati ta ƙwace, kuma daga ranar ya fita daga sahun masu neman REP. Waɗanda suka fi daɗewa a waje, suka fi ƙwarewa, su ne suka fi yiwuwar sun riga sun sauya fasfo, wato shirin ya cire mafi tsadar mutanen da yake nema da hannunsa. Mata sun fi shan wahala. Shekara da shekaru, ɗan da uba ɗan Malesiya ya haifa a waje yana samun ɗan ƙasanci in an yi masa rajista a ofishin jakadanci, amma wanda uwa 'yar Malesiya ta haifa wa baƙo sai an nema an jira shekaru. Ƙungiyar Family Frontiers ta yi nasara a babbar kotu a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2022, sai a Oktoban 2024 majalisar wakilai ta amince da gyaran tsarin mulki, gyaran kuma bai koma baya ya haɗa da waɗanda aka riga aka haifa kai tsaye ba. Alkawarin takardar zaman dindindin ga iyali shi ma TalentCorp shawara kawai take bayarwa, hukumar shige da fice ce ke da ta cewa. Kada kowa ya sayar da gidansa na Melbourne a kan wannan alkawari kafin ya ga hatimi.

Likitoci su lura musamman: amincewar REP ba lasisin aiki ba ce. Sai majalisar likitocin Malesiya ta yi wa mutum rajista, ƙwararre kuma sai ya shiga kundin ƙwararru na ƙasa. A 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce saboda majalisar ta ƙi amincewa da takardar tiyatar zuciya da huhu ta kwalejin likitocin tiyata da ke Edinburgh, a ƙasar da marasa lafiya ke jiran layin tiyatar zuciya watanni, kuma horon cikin gida da ake da shi yana UiTM, inda ba kowa ke shiga ba. Sai da majalisar dokoki ta gyara dokar likitoci a watan Yulin shekarar. Wata hukuma tana kiran mutum, wata tana tare shi a bakin ƙofa, kuma TalentCorp ba ta da iko a kan ta biyun.

Adalci ya sa a faɗi cewa wariyar ba ta fuska ɗaya ba ce. Masana biyu, Lee Hwok Aun da Muhammed Abdul Khalid, sun aika takardun neman aiki fiye da 3,000 na gwaji zuwa kamfanoni masu zaman kansu. Masu sunan Sinawa an kira kashi 22 daga cikinsu ganawa, masu sunan Malayawa kashi 4. Kowane ɓangare yana nuna abin da ake yi masa a matsayin hujjar riƙe nasa, shi ya sa da gwamnati ta yi niyyar sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da wariyar launin fata a 2018, matsin lamba ya sa ta janye, aka kuma yi gagarumin gangami a Kuala Lumpur a Disamban shekarar. 'Yan asalin Indiya, jikokin masu aikin gonakin roba, su ne suka faɗa tsakiya, ba rabon gwamnati, ba jarin kasuwa. Malayawa masu ilimi su ma yanzu suna tafiya, musamman likitocin da aka riƙa ɗauka aikin kwantiragi tun 2016, har suka yi yajin aiki a Yulin 2021. Amma Bamalaye da ya tafi ba ya shakkar ƙasar tasa ce. Wanda kakanninsa suka yi shekara ɗari a Ipoh ko Melaka, ya buɗe jarida bayan zaɓen 2013 ya ga Utusan Malaysia tana tambaya da manyan baƙaƙe me kuma Sinawa ke so, shi kam yana da dalilin shakka, kuma babu sashen takardar REP da ke amsa masa.

Ga 'yan Najeriya da ke koyarwa ko aiki a Malesiya, waɗanda da yawansu daga jami'o'in Arewa suka je digiri na uku suka zauna, REP ba nasu ba ne. Nasu shi ne RP-T, takardar zama ta shekara goma da TalentCorp ɗin ke kula da ita tun 2011, wadda ke ba mutum damar sauya wurin aiki ba tare da sabunta izini ba. Tana buƙatar shekara uku na aiki a ƙasar da albashin aƙalla ringit 15,000 a wata, adadin da ya fi ƙarfin yawancin malaman jami'a masu tasowa.

Wanda ya kamata ya nemi REP shi ne mai fasfon Malesiya a hannu, mai tahowa daga ƙasa mai harajin sama kamar Birtaniya ko Ostareliya, wanda kamfani ya riga ya ba shi wasiƙar aiki da albashin da ya wuce ringit 20,000 a wata, kuma dama yana da dalilinsa na dawowa, kamar tsofaffin iyaye. Irin wannan mutum ya nema tun wata uku zuwa shida kafin ya ajiye aikinsa na waje, kada ya karɓi ko sisi daga sabon wurin aikin kafin takardar amincewa ta fito, ya haɗa duk kayansa a jigila ɗaya, ya kuma fara neman rajistar sana'arsa da takardun iyalinsa a lokaci guda, domin su ne ke cin lokaci. Wanda ke Singafo da albashi matsakaici da yara 'yan firamare, ya yi lissafin kuɗin makarantarsu har zuwa jami'a tukuna, ya ajiye shi kusa da abin da kashi 15 zai rage masa cikin shekara biyar, sannan ya cike takardar.